Na Sami Sale a Kurkukun Omdurman

Zuwa ga Yaya Hauwa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da Malam da yara da mutanen Kano. Ya ƙafar taki? Mu nan unguwar Haj Yusuf kalau muke, kunya ce ta hana ni rubutu.

Na ce miki ƙanenmu Sale ya koma noma a yankin Jazira. Ƙarya na yi, Yaya. Faɗa muka yi na kore shi, wata biyu ban neme shi ba. Wata mai shayi ce ta gaya mini an kwashe shi tare da masu talla a kasuwa. Sai da na bi caji ofis uku kafin na same shi a kurkukun Omdurman.

Ya rame ƙwarai. Gandiroba ya ce mini, "Ai cewa ya yi ba shi da kowa a garin nan." Na tambayi Sale dalili. Ya ce, "Yaya, ba na so in ɓata maka suna a unguwa." Na kasa haɗa ido da shi.

Jibi zan koma da lauya. Ki sa mu a addu'a. Ki gaida Inna, amma kar ki gaya mata, daga bakina ya kamata ta ji.

Ƙanenki,
Bashir