Ni ce kunnen mijina, Yayansa ya ce in yi masa ƙarya

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don Allah ka ɓoye sunana, Gadarif ƙarama ce, rabin mutanen nan mun sha haɗuwa a gidan biki. Don Allah ku ba ni shawara, amma tun yanzu in faɗa, wanda "ki yi haƙuri" kawai zai ce min ya riƙe abinsa, haƙuri ina da shi buhu-buhu a ɗaki.

Mijina kurma ne. Ba haka aka haife shi ba, sanƙarau ne ya kama shi yana yaro, ya tashi ko ƙarar tarakta ba ya ji. Da hannu muke hira, ni da shi da yaranmu. Ni na zaɓe shi da kaina, kuma wallahi ko yau aka ce in sake zaɓe shi zan ɗauka. Tun da muka yi aure ni ce kunnensa, a asibiti ni, a makarantar yara ni, ranar rabon simsim, wato riɗi, bayan girbi ni. Mutum zai tsaya a gabansa gemu da gemu, amma ni zai kalla ya ce "ki gaya masa kaza". Ni kuma in juya in gaya masa yadda aka faɗa, mai daɗi da marar daɗi, ko zagi ne ban taɓa rage masa ba. Shi ya sa idan na gaya masa abu ba ya duba fuskar kowa don ya tabbatar.

Hoshinmu, wato gidanmu, ɗaya da Yayansa, shi ne babba, shi ke riƙe da gonar gado can wajen Fashaga, tare suke noma ta. Kowace shekara idan an gama yankan simsim an sallami ma'aikata, Yaya yakan ɗauko bas a kwashi mata da yara a tafi ijaza, wato hutu, Bur Sudan, a sha iskar bahar, wato teku, a ci kifi. Bara muna zaune a bakin ruwa ana shan jabana, kofin nan namu, sai ga kwale-kwalen masu nutso, waɗannan da ke goya tukunyar iska a baya su shige ƙarƙashin bahar. Malaminsu yana koya wa baƙi alamu da hannu kafin su shiga, wannan lafiya lau, wannan akwai mushkila, wannan mu hau sama. Baƙin sai kame-kame suke yi, maigidana kuwa daga inda yake zaune ya riga ya ɗauke su duka, yana dariya har kofi ya kusa zube masa. Ya taɓo ni ya ce, ashe a can ƙasa kowa irina ne.

Tun daga ranar bai bar maganar ba, wayarsa cike take da bidiyon kifaye. Mutum ne da ya tashi yana iyo a kogin Rahad wajen kakanninsa a Hawata, ruwa ba baƙonsa ba ne. Ni ma ban tsaya wasa ba, na nemo lambar masu kwale-kwalen na faɗa musu gaskiyar halinsa, suka ce tamam, sun sha shiga da kurame, likita kawai zai duba shi. Rabin yini ne, wuri marar zurfi, malami yana gefenka har ka fito. Muka je wajen likitan kunne, ya ce dodon kunnensa lafiya ƙalau, jijiyar ji ce ta mutu, nutso ba zai ƙara masa komai ba. Muka tsara abinmu, tafiya sati mai zuwa ce, washegarin isarmu da safe mu bar yara wajen matar Yaya, kafin la'asar mun dawo.

Da labari ya kai kunnen Yaya sai ya ja ni gefe. Ni fa ya kira, ba ƙaninsa ba. Ya ce ba zai yiwu ba, mahaifinsu da zai rasu amanar yaron nan ya bar masa. Yaron nan! Mutum da furfura a gemu, 'yarsa ta kusa shiga jami'a. Ya ce idan wani abu ya faru a ƙasa ta yaya zai ji ana kiransa, na ce Yaya ai a can ko kai ba za ka ji ba. Bai ji daɗin wannan ba. Sai ya ce ga mafita, in je in ce wa maigidana masu kwale-kwalen sun bugo sun ce ba sa ɗaukar kurma, halas, magana ta mutu ba wanda ya ɓata da wani. Idan kuma na ƙi, har ya je ya shiga, to shi ya cire hannunsa, a raba gona, a ja katanga a tsakiyar hoshi, kowa ya ji da kansa.

Kar ku ce Yaya mugu ne, ba mugu ba ne. Shi ya goya shi zuwa asibiti lokacin ciwon, har yau bai taɓa cin nama shi kaɗai bai aiko mana ba. Amma son da yake masa irin na ƙwai ne, a sa a kwando kar a taɓa. Ya hana shi tuƙa tarakta, ya hana shi babur, kasuwar Mafaza ma sai da ɗan rakiya. Raba gona kuma ba wasa ba ne, na sani, abincin yarana ne, kuma idan aka raba ni ce zan tsaya da ma'aikata da dillalai. Ba na tsoro, amma ba na so a ce matar kurma ta shigo ta raba 'yan uwa.

Matar Yaya ta same ni a kicin ta ce ai ƙaryar gyara ce, kowa yana yi. Na ce mata ke idan aka yi miki ƙarya kina da kunnen da za ki tsinci gaskiya a wani wuri, shi ba shi da kowa sai ni. Kuma wace irin ƙarya? In dubi idonsa in ce masa har ƙarƙashin ruwa ma ba a son irinka? Gara hannuna ya shanye kafin in yi masa wannan alamar. Abin da ke cin raina shi ne ya ga lokacin da Yaya ya ja ni gefe, ya tambaye ni me ya ce, na ce bari tukuna. Ban taɓa ce masa bari tukuna ba, kuma har yanzu ban ba shi amsa ba.

Jiya kuma ya dawo daga kasuwa da leda, rigunan iyo biyu, ɗaya ta fi ɗaya girma. Na ce ni fa ka san a kwale-kwale zan jira ka, ba na shiga. Ya yi dariya ya ce ba tawa ba ce, ta Yaya ce. Ya ce ya gani a bidiyo bibbiyu ake nutso, kowa da abokinsa, shi kuma Yaya yake so. Wai tun da ya kurmance bai taɓa hira da Yayansa su biyu kaɗai ba, sai da wani a tsakani, a da mahaifiyarsu ce, yanzu ni. A can ƙasa dole Yaya ya koyi hannu ko kaɗan ne, ya tambaye shi lafiya da kansa, shi ma ya amsa masa da kansa. Ya ce in kai wa Yaya rigar in roƙe shi. Ya jama'a, sai da na shige banɗaki na yi kuka.

Ƙarya dai ba zan yi ba, kar ma wani ya wahalar da yatsunsa a kan wannan. Abin da nake tambaya, in zaunar da maigidana in gaya masa duk abin da Yaya ya ce in yi, yadda na saba, ko da gidan zai rabu? Ko in ɗauki rigar nan in ajiye a gaban Yaya, in ce ƙaninka ya saya maka, idan hana shi za ka yi ka je ka tsaya a gabansa ka faɗa masa da kanka, ni yau ba na fassara? Ku faɗa min da wuri don Allah, don yau da safe ma ya sake tambayata ko rigar za ta yi wa Yaya, ko ya koma ya canzo babba.