Hasumiyar Agogo Ta Koma Hoto

Inna,

Ina gaishe ki da kyau. Ya ƙafar Baba? Ya su Auta?

Ni lafiya lau. Igiyar da nake lilo a kanta ina goge tagogin hawa na arba'in tana da ƙwari, iska ce dai ba ta da mutunci.

Kin tuna tsohuwar hasumiyar agogon garin nan da na aiko miki hotonta? Benen ofisoshin da nake wa aiki, wani zungureren kwalba, ya tare ta ƙaf. Wai ci gaba! Da mutane suka yi ƙorafi, sai manaja ya rataya hotonta a falo, yana yi wa baƙi burga da tarihi. Gilashin hoton ma ni ke gogewa.

Ki adana naki. Yanzu daga ɗakinki kin fi 'yan garin ganinta.

A sa ni a addu'a.

Ɗanki