Kar Ki Buɗe Akwatin, Sista

Litinin, 3 ga Maris

Yau Baba Kafinta ya zo har gida, ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hularsa. Shi ne shugaban masu kiwon zuma na bayan gari, ƙungiyar da Maigida, Allah ya jiƙansa, yake ciki. Wai akwatin zumar Maigida yana nan inda ya bar shi, ƙarƙashin itacen lemo. Ƙudan suna ciki amma sun yi rauni, in babu mai kula za su watse.

Na ce ni da na ƙare ƙuruciyata ina shugabancin nas-nas a sashen gaggawa, ƙwari ne za su gagare ni? Ya yi wani murmushi da bai yi mini daɗi ba.

Ko sau ɗaya ban taɓa bin Maigida wurin nan ba, kullum ina sauri. Yanzu ga ritaya, ga gida ya yi mini faɗi. Cikin abin da ya bari, wannan kaɗai ne mai numfashi, kuma ba zan bari ya tafi ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Harbi a goshi, harbi a wuya. Da ido ɗaya nake rubutun nan.

Maman Biyu, telar da akwatinta ke maƙwabtaka da namu, ta yi dariya har da riƙe ciki. "Sista, kin nufo su kamar motar asibiti!" Ta gyara mini ragar fuska, ta nuna mini yadda ake busa hayaki kaɗan a jira, sannan a miƙa hannu a hankali. Wai ba a shan zuma sai an sha harbi. Na ce to ni na sha nawa kason, a kawo zumar.

Asabar, 15 ga Maris

Na tsara aikina. Da sassafe, kafin kowa ya zo, nakan ɗaga murfin, in zaro saƙar zumar ɗaya bayan ɗaya, in duba ƙwai, in duba tsutsa, in mayar. Zagayen safe ke nan, kamar yadda na saba. Majinyaci ba a barinsa ya wuni ba a leƙa shi ba.

Ran Asabar 'yan ƙungiya suke taruwa a benci ƙarƙashin mangwaro. Na ɗauka taro za a yi. Ashe zama ne kawai! Shayi a filas, kofi uku ana karɓa-karɓa, Baba Kafinta yana gyangyaɗi. Na tambaya yaushe za a fara, Maman Biyu ta ce ai an daɗe da farawa. Mutanen nan za su sa mini hawan jini.

Lahadi, 23 ga Maris

Auta ta yi waya, wai in rufe gida in dawo wurinsu. Na ce ina da marasa lafiya a hannu.

Laraba, 2 ga Afrilu

An kama ni dumu-dumu, murfi a hannu.

Baba Kafinta ya dubi ƙudan da suka yi cincirindo a jikin akwatin daga waje, suna wani kuka mai zafi. Ya ce, "Sista, sau nawa kike buɗewa?" Na ce kullum, da alfahari ma na faɗa. Ya yi salati ya zauna a kan bokiti.

Ashe duk buɗewar da nake yi ɗumin ciki ne yake fita, 'ya'yan su yi sanyi, ƙudan kuma su wuni suna liƙe kafofin da na ɓalle. Shirin ƙaura suke yi, saura ƙiris. "Ke in ana yaye miki rufin ɗaki kowace safiya don a ga lafiyarki, za ki zauna a gidan?" Garin neman gira na kusa rasa ido.

Ya yanke hukunci: wata guda ba buɗewa. Ya ɗauko igiya ya ɗaure akwatin da wani ƙulli da ya ce ko na kwance ba zan iya mayarwa ba. Na ce to ta yaya zan san suna raye? Ya jawo mini kujera 'yar tsugunno ya ajiye a gefe. "Ki zauna ki kalli ƙofarsu. Komai a bakin ƙofa yake."

Na ji kunya, na ji haushi, na kuma ji tsoro. Da sun tafi, da hannuna na kore su.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Hannuna yana ƙaiƙayi. Na zagaya ƙullin nan na duba shi ta ko'ina. Tsohon nan mugu ne.

Asabar, 19 ga Afrilu

Ashe akwai abin gani. Masu fita suna fita fayau, masu dawowa suna sauka da nauyi. Wasu da ɗan ƙunshi rawaya a ƙafafu, kamar sun sa wando. Maman Biyu ta ce garin fure ne, abincin jarirai, in ana shiga da shi to akwai 'ya'ya a ciki. Akwai masu gadi, akwai masu tsayawa a ƙofa suna fifita da fukafukai. Ɗaya ta fito da gawar 'yar'uwarta ta tashi da ita, babu wanda ya tsayar da aiki. Lemon ya yi fure, ƙamshin har cikin maƙogwaro.

A benci aka ɗauko zancen Maigida. Tun rasuwar kowa rage murya yake yi in zai ambace shi. Su kuwa ina! Wai ranar da ya fara zuwa, ƙuda ɗaya ce ta shiga wandonsa, ya zuba da gudu ya faɗa kwarmin ban ruwa, ya fito yana cewa kada a gaya wa Sista. Ni da yake ce mini bai taɓa gudun zuma ba! Na yi dariya har hawaye, daga baya hawayen ya zarce, babu wanda ya ce in yi haƙuri. Maman Biyu ta miƙo mini kofi kawai.

Ina kewarsa. A nan kewar ba ta shaƙe ni kamar a gida.

Litinin, 5 ga Mayu

An kwance igiya. Mun buɗe tare da Baba Kafinta, a hankali. Akwati ya cika maƙil, saƙa fara sabuwa, 'ya'ya jere. Ya ce, "Kin ga aikin da kika yi?" Na ce ban yi komai ba. Ya ce shi yake nufi.

Na lakaci zuma da yatsa. Na yafe musu harbin goshi.

Talata, 13 ga Mayu

Da hantsi ina zaune sai na ji ruri. Ƙudan suka yi ta kwararowa daga ƙofa, sama ta yi duhu, suka dunƙule a can ƙololuwar mangwaro. Na kwarma ihu. Zo ka ga tsofaffi uku da tsani da bokiti! Baba Kafinta yana hawa yana addu'a, Maman Biyu ta riƙe tsani idonta a rufe, ni ina ba da umarnin da babu mai ji. Kafin ya kai rabi suka tashi gaba ɗaya, suka bi ta kan gonaki, muna kallo har suka ɓace.

Ya sauko yana haki, yana murna wai. In gida ya yi ƙarfi haka suke yi, tsohuwar sarauniya ta kwashi rabi ta tafi, ta bar wa sauran sabuwa a cikin kwanso. "Alamar lafiya ce, Sista."

Tsohuwar sarauniya. Wadda Maigida ya samo da hannunsa, ya dawo gida yana ba ni labarinta ina sauraro da rabin kunne.

Ban yi wa kowa sallama ba na taho.

Asabar, 24 ga Mayu

Na ce ba zan koma ba. Kwana biyu na yi, ƙafata ta kai ni.

Yanzu jira ake. In sabuwar sarauniya ta kama, gida ya tsaya. In ba ta kama ba, a hankali za su ƙare, kuma babu allurar da zan yi musu. Na tambayi Maman Biyu tsawon ran ƙudan zuma. Ta ce 'yan makonni ne, sarauniya ce kaɗai mai daɗewa. Na yi lissafi. Ke nan duk waɗanda na sha harbinsu, na yi gadinsu, babu wadda ta taɓa ganin Maigida. Guda ɗayar da ta san shi ta tafi.

Na faɗa mata haka. Ta ci gaba da ɗinke ragar fuskarta da ta yage, can ta ce, "To su waɗannan wa suka sani?"

Na ce shayin nan ya yi sanyi.

Lahadi, 8 ga Yuni

Masu rawayen wando sun dawo! Tun safe suke shiga da shi, layi-layi. Ta kama.

Baba Kafinta ya kunna hayaki ya ce mu buɗe mu tabbatar. Na ce a bar su, ga shi nan a bakin ƙofa, me za mu dame su. Shi da Maman Biyu suka kalli juna. Na yi kamar ban gani ba.

Mun kai har la'asar a benci. Wani tsuntsu mai cin zuma ya addabi akwatin Maman Biyu, muka yi ta jifansa da ƙwallon mangwaro, babu wanda ya same shi. Na tambayi Baba nawa ne tsawon katakon da yake yin akwati da shi, tambaya kawai. Ya ce zuwa Alhamis zai gama mini. Ban ce ya yi ba, ban kuma ce ya bari ba. In suka sake rabuwa baɗi, gara su tarar da ɗaki a kusa.

Sai da na zo ƙofar gida ina neman makulli na tuna yau tun safe ban yi tunanin Maigida ba. Na tsaya ina jiran abin ya soke ni. Na yi masa addu'a a nan tsaye, na buɗe na shiga.

Yunwa nake ji sosai.