Mijina Ɗan Dambe Ne Kuma Mai Fito, Yana Ɗaukewa A Tsakiyar Ruwa

Hajiya Adila, don Allah ki taimake ni, ki duba wasiƙata kafin ta kowa, domin ruwa ya riga ya sauko mana kuma ban san abin da gobe za ta zo da shi ba.

Ni matar aure ce a wani ƙauye na yankin Kirikasamma, 'ya'yanmu uku. Maigidana, bari in kira shi Shu'ibu ko da yake ba sunansa ba ne, ɗan dambe ne da aka sani daga Haɗejiya har Malam Madori. Amma dambe na kaka ne. Sana'ar da muke ci da ita fito ce. Idan damina ta yi nisa ruwa ya shanye hanyarmu, a kwalekwalensa ake ƙetarar da mutane, da buhunan shinkafa, da awaki, har da masu naƙuda da za a kai asibiti.

Bara da kaka aka yi masa wani bugu a gefen kunne, ya faɗi. Ya tashi yana dariya, makaɗa suka ci gaba da kiɗa, aka ce ba komai. Tun daga nan ya fara ciwon kai. Sai kuma wani abu ya biyo baya. Yana cikin magana sai ya tsaya cak, idonsa a buɗe amma ba ya ganin kowa, bakinsa yana motsi kamar mai tauna, abin da ke hannunsa ya suɓuce. Kafin ki ƙirga ashirin ya dawo, kuma bai san an yi ba. Sau huɗu na gani a gida. Ran nan kofin shayi mai zafi ya zube masa a cinya, bai ko motsa ba.

Makon jiya ne hankalina ya gama tashi. Za mu suna a ƙetare, mu mata goma sha ɗaya a cikin jirgin, biyu da goyo. Mun wuce ciyawar kacalla mun shiga inda ruwa yake da ƙarfi, sai na ga sandar tuƙi ta zame daga hannunsa, shi kuwa yana tsaye kamar an dasa shi. Jirgin ya fara juyawa. Da yake ina zaune kusa da ƙafarsa, na cafke sandar da hannu ɗaya, na riƙe wandonsa da ɗayan don kada ya faɗa. Da ya dawo sai ya karɓa ya ce laka ce ta riƙe ta. Matan suka yi ta tsokanarsa wai ƙarfin dambe ya ƙare. Ni ko abincin sunan ban iya ci ba.

Da muka koma gida na durƙusa ina kuka na gaya masa abin da na gani. Sai ya ce sammu ne abokan karawarsa suka yi masa, yana shan rubutu, zai wuce. Ya sa na rantse ba zan faɗa wa kowa ba, na kuma rantse, don ban taɓa ganin tsoro a fuskarsa ba sai ranar. Ya ce da ni: “In kika tona ni, kin raba ni da ruwa kin raba ni da fage. To me ya rage mini?”

Yayansa Yakubu shi ne shugaban masu fito a mashigarmu. Kalma ɗaya zan faɗa masa ya hana shi taɓa jirgi. Amma ina tsoron aurena, ina tsoron rantsuwar da na yi, ina tsoron yadda gari zai riƙa kallon mutumin da ake yi wa kirari. Ga shi har ya amsa zai sake karawa da wanda ya buge shi, da an gama girbi. Kullum da safe idan ya saɓa sandar nan ya fita, sai in bi shi bakin ruwa da sunan wanki, in tsaya ina ƙirga kawunan da suka shiga. Hajiya, ya zan yi? Mijina ba mugu ba ne, wallahi.

Taki, Mai Wanki A Bakin Ruwa

Ƙanwata, na yarda mijinki ba mugu ba ne. Mutum ne da ya tsorata. Da hannuwansa ya yi suna, da su yake ciyar da ku, yanzu kuma jikinsa yana ƙwace masa ba tare da saninsa ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurin namiji irinsa, kuma kin kyauta da kike duba mutuncinsa.

Amma sauran matan nan goma ba su san a hannun wa suka sa ransu ba. Ranar kin riƙe sanda saboda kina kusa. Ba kullum za ki kasance a cikin jirgin ba.

Ni ba likita ba ce, sai dai abin da kika kwatanta ya yi kama da wani nau'in farfaɗiya da kan biyo bayan bugu a ka, kuma da yawa ana shawo kansa da magani. Ku je babban asibiti cikin makon nan, ki shiga tare da shi, domin ke kika ga abin, shi bai gani ba. Addu'a kada a daina, amma a haɗa da asibiti. Kafin likita ya yi magana, babu shiga ruwa, babu dambe. Wani bugun a wannan kan yana iya zama na ƙarshe.

Batun rantsuwa, ki tambayi malamin da kika amince da shi. Abin da na sani shi ne rantsuwar da riƙe ta zai cutar da rayuka ana warware ta a yi kaffara.

Yau ki sake zama da shi. Ki ce masa kin fi so ya je wurin Yakubu da bakinsa, amma in gari ya waye bai je ba, ke za ki je. Kada ki yi a ɓoye, kuma kada maganar ta wuce ku uku. Yakubu ɗan'uwansa ne, zai iya sa wani ya riƙa tuƙa jirgin a madadinsa, a ce wa mutane jinyar ciwon kai yake yi, wanda kuma gaskiya ne.

Zai yi fushi, wataƙila ma ya tura ki gida na ɗan lokaci. Ki shirya wa hakan. Fushin miji ana zama a sasanta shi. Jirgi in ya kife da mata da goyo, babu zaman da zai gyara.

Allah Ya ba shi lafiya, Ya sanyaya zuciyarsa a kanki, Ya ba ki ƙarfin faɗin maganar nan tun yau.

Hajiya Adila