Hoton Da Na Ɓata Miki

Zuwa ga Hadiza, Maman Iman,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, na zo miki da magana mai nauyi, don ta hana ni sukuni.

Tsuntsayenki sun tafi. Sanyi ya fara shigowa garinmu Greensboro a nan Amurka, jar kwalbar ruwan sukarin da kika rataya a barandarmu ta titin Gate City Boulevard tana nan tana lilo, babu mai sha. Har yau ban iya sunansu na Turanci ba, wai hamingbad. Ɗan-fir nake cewa, yadda kika raɗa masa, wannan ɗan mitsitsin da bai wuce babban yatsa ba, mai tsayawa cak a iska yana zuƙar ruwan fure.

Kin tuna da likita ya faɗi abin da ya faɗa, kika ce sai kin ga inda suke zuwa cin rani? Na ce haba Hadiza, mutane na neman Umara ke kina neman tsuntsu! Kika ce duk ikon Allah za a je kallo. Haka kika ja ni har ƙasar Kosta Rika.

Daji ne mai duhu ko da rana tsaka, ga ruwan sama ba ƙaƙƙautawa. Kika ce fukafukin ɗan-fir ya fi ƙiftawar ido sauri, in ba da fitilar filasha ba sai dai a samu hazo a hoto. Kika kafa kamara a kan ƙafafunta, kika riƙe igiyar latsawa, ni kuma kika ɗanka min fitilar. Kullum faɗanki ɗaya: rage wutar, riƙe ta gefe, kada ka firgita min baƙo. Ni da nake tuƙa babbar mota, na koma ɗan riƙon fitila.

Ranar da ruwa ya kore mu ciki, kika ce ta bayan gilashin taga za ki ɗauka. Ɗan-fir ya zo daf da gilashi, na zabura, fitila ta juyo kanki daidai lokacin da kika latsa, dariya ta riga ta kama ki. Kika kwashe da dariya, kika ce na ɓata miki hoton shekara.

Da jiki ya yi tsanani, kika bi wayoyinmu kika goge hotunanki kaf. Kika ce ba kya son a ɗora ki a waya ana rubuta "Allah ya jiƙan rai", fuskarki na yawo a hannun wanda kika sani da wanda ba ki sani ba. Kika kama hannuna a asibiti kika ce, ko ɗaya kada ka bari. Na ce na ɗauka. Wallahi da zuciya ɗaya na ɗauka.

To, Iman ta shiga aji biyu. Kwanaki tana cin abinci ta ajiye cokali, ta ce min da Turancin nan nata wai ta rufe ido ta nemi fuskarki ta rasa. Na ɗauko mata na fasfo, ta ce wannan ba ke ba ce, Mamanta tana dariya. Na bikinmu kuwa a lulluɓe kike. Hadiza, na shiga banɗaki na yi kuka kamar ƙaramin yaro.

Ran Asabar na ce bari in nuna mata hotunan tsuntsayenki ko ta ji sanyi. Muna wucewa, kore, ja, shuɗi, sai ga wanda na ɓata. Tsuntsu ya zama dishi-dishi. Amma a jikin gilashin, ga ki nan ɓaro-ɓaro, hasken fitilata ya kama ki, baki buɗe kina min dariya. Shi kika tsallake, don a wajenki lalataccen hoton tsuntsu ne.

Na kai hannu zan rufe, ta riga ni. Ta ɗora yatsa a kan bakinki ta ce, Baba, wushiryarta irin tawa ce.

Na je wurin Malam bayan sallar Juma'a, ya ce alkawari kaya ne, marainiya ma tana da hakki, in yi istihara. Anti Rabi, 'yar'uwarki, ta ce in turo mata ita ma ta gani. Na hana ta. Masu karanta wannan ma kada su tambaya, ba zan sa shi ba.

Na yi istiharar, zuciyata ba ta kwanta ko'ina ba. Na sha ɗora yatsa a kan maɓallin gogewa, sai in jiyo Iman a gaban madubi tana gwada dariyarki.

Ban goge ba, Hadiza tawa. Ba na jin zan iya. Idon mutum biyu kaɗai zai gan shi, nawa da na wadda kika haifa. Idan na ci amanarki, ki kama ni ranar gobe, ki ƙyale yarinyar.

Allah ya haskaka kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki, ya raya mana Iman, ya sa ki yafe min.

Mijinki, mai riƙe miki fitila,
Baban Iman