Ruwan Tafiyar Opanyin Kyeremeh

Litinin, 3 ga Maris
Gado na huɗu: Opanyin Kyeremeh, tsohon manomin koko daga Goaso. Huhu ya gaji, inji ke numfashi a madadinsa. Shekarata tara ina jinya a ɗakin masu rai kwakwai mutu kwakwai, in na ga wanda ba zai tashi ba ina ganewa.

Talata, 4 ga Maris
Mutum biyu muka lulluɓe yau. Abincin da na saya ko buɗe shi ban yi ba.

Laraba, 5 ga Maris
'Yar Opanyin Kyeremeh, Afrakoma, ta tare ni a bakin ƙofa da kofin ruwa. "Anti nas, ki rufa mini asiri. In Baba ya tafi ban ba shi ruwa ba, da wane ido zan kalli dangi?" Na sani sarai, mu Asante ba ma barin mai mutuwa ya kama hanya da ƙishirwa. Amma bututu ne a maƙogwaronsa, ziyara kuma minti goma ce da yamma. Na ce mata doka ce. Na tsani kaina. Nawa uban ma ina bakin aiki ya cika, maƙwabciya ce ta ba shi ruwan.

Alhamis, 6 ga Maris
Na tunkari shugabarmu, Maame Dufie. "Ke Pokuaa, so kike ki shaƙe mini majinyaci?" Na ce auduga kawai, a jiƙa leɓe. Wai in na buɗe wa mutum ɗaya ƙofa duk Kumasi za ta shigo. Na ce to ta shigo. Na kafe a gaban teburinta har ta ce in ɓace mata da gani. Ba ta dai ce a'a ba.

Juma'a, 7 ga Maris
Da hantsi bugun zuciyarsa ya fara sauka. Na ruga na jawo Afrakoma, na sa mata riga da safar hannu. Na riƙe mata hannu, muka jiƙa leɓensa sau uku. Ta ce, "Baba, ga ruwanka. Ka gaida Mama." Bai ƙara minti ashirin ba.
Maame Dufie na bayan labule, wai na'ura take dubawa.

Lahadi, 9 ga Maris
Hutu. Na je garinmu Ejisu, wai gaida tsohuwata. Shekara huɗu rabona da hanyar maƙabarta. Ciyawa ta cinye kabarin Baba, na tuge ta da hannu. Ruwan ledar da na saya a tasha, rabi na sha, rabi na zuba masa.
Gobe aikin safe.