Fitilar Ƙofa Ta Daina Kunna Kanta

Litinin, 5 ga Mayu

Yau ma na dawo daga aiki na tarar da ƙofar gida duhu ƙirin. Sai da na haska da waya kafin na ga ramin makulli, jaka a hammata, ledar cefane a haƙori. Fitilar saman ƙofa dai ta yi yaji. Marigayi mijina ne ya sa mata makunni mai agogo a bangon baranda, dab da zai kwanta ciwonsa na ƙarshe. Ya gama ɗaurewa, ya karkaɗe hannu, ya ce daga yau ita za ta riƙa kunna kanta da magariba, ta kashe kanta da safe, in daina laluben ƙofa in na taso daga asibiti. Shekara uku ba ta saɓa ba. Yanzu sai na shigo na danna da hannu take kamawa. Amfanin me, bayan na riga na shigo?

Tun da Auta, ƙanin marigayi, ya zo ya tafi da Inna, mahaifiyarsu, gidansa, komai na gidan nan ya raina ni. Famfon kicin na ɗiga, ƙofar banɗaki na kuka, ga fitila.

Talata, 6 ga Mayu

Na canza ƙwan fitilar. Ba shi ba ne. Na hau kujera a banza, na kusa karya ƙugu, kuma da na faɗo babu mai ji.

Na kira mai wayarin, mai gyaran wuta, ya ce yana nan tafe. Na san tafiyar tasa.

Alhamis, 8 ga Mayu

Na dafa shinkafa, na sake zuba ta mutum biyu. Hannu bai san an rage baki ba.

Ban san me ya sa gidan ya yi mini girma haka ba, don ko da Inna tana nan ba hira muke yi ba. Suruka ce, akwai kunya tsakaninmu tun ranar da na shigo gidan, rasuwar ɗanta kuma ba ta rage komai ba. Ina kwana, lafiya lau. Sannu da zuwa, yauwa Inna. Ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai "'yar nan". In na dawo, tana ɗakinta da rediyo ƙasa-ƙasa, in ajiye mata abinci, in ja ƙofa. Na daɗe ina ɗauka haƙuri kawai take yi da ni, matar ɗa wadda ba ta haifa mata ko jika ɗaya ba.

Shi ya sa da Auta ya ce bai dace uwarsa ta zauna wajen matar wansa ba alhali yana da gida, mutane na magana, sai na ce duk yadda suka gani. Inna na zaune a wajen, tana gyara bakin mayafi. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Na ce a raina, ka ga, dama jira take.

Ya bugo ɗazu. Asabar ta sama zai zo da mota ya kwashe sauran kayanta, gado da akwatuna da komai. Na ce Allah ya kai mu. In aka kwashe, shi ke nan, ba abin da ya rage tsakanina da gidansu sai gaisuwar waya.

Juma'a, 9 ga Mayu

Mai wayarin bai zo ba, wayarsa kuma a kashe.

Lahadi, 11 ga Mayu

Yau ba aiki, na ce ko ni ko makunnin nan. Ni da nake wuni da injinan gwajin jini masu maɓallai kamar kuɗin cizo, ɗan abin da bai kai tafin hannu ba zai gagare ni?

Abin kunya, ban taɓa tsayawa na dube shi ba. Yana bayan labule ne, gefen ƙofar ɗakin Inna, ni kuwa ba na daɗewa a nan. Yana da ɗan murfi. Da na ɗaga, ga ƙaramin gilashi yana ƙifta sha biyu, sha biyu, sha biyu, ga ƙananan maɓallai a jere, ga babba ɗaya a ƙasa na kunnawa da hannu. Takardar bayaninsa ta bi marigayi, don na birkice durowarsa ban gan ta ba. Sai da na zauna a ƙasa na ɗan jima, saboda ƙamshin hularsa.

Na nemo bidiyo a waya. Wani mutum mai sanyin murya yana bayani kamar yana lallashin jariri. Na bi shi daki-daki. Na saita rana, na saita agogo, na kula da haruffan da ke raba safe da yamma, don ya ce nan mutane suka fi faɗawa. Na fitar da shi daga na hannu na mai da shi na kansa. Da aka zo lokacin kunnawa sai na tsaya. Ƙarfe nawa take kamawa? Ban sani ba. Ban taɓa ganin kamawarta ba, kullum a kunne nake tarar da ita. Na sa shida da rabi da ka.

Na jawo kujera na zauna a baranda ina gadin bango kamar wata sakarya. Da lokacin ya yi sai na ji ƙyas, ta kama. Har tafi na yi. Na juya zan ce wa Inna ta gani, sai ƙofarta a rufe.

Litinin, 12 ga Mayu

Duhu. An ɗauke wuta da rana, an dawo da ita, shi kuma ya manta duk karatun jiya. Sha biyu, sha biyu. Na zage shi tas, Allah ya yafe mini.

Talata, 13 ga Mayu

Na ba Oga labari a wajen aiki, shi da ya fi kowa son taɓa injin da bai lalace ba. Ya ce irin waɗannan suna da ɗan batir a ciki mai riƙe musu tunani in wuta ta tafi, ƙila nawa ya mutu. Ya ce in kashe wutar gidan daga babban makunni kafin in kwance, kada su zo gaisuwa. Na ce in sun zo su taho da abincinsu, ba mai dafawa. Ya yi dariya, ni kuma na koma kan aikina.

Na sayo batirin, kamar maɓallin riga. Na gaji, sai gobe.

Laraba, 14 ga Mayu

Ban san ta inda zan fara ba.

Na nemi izini na dawo da wuri don in yi aikin da hasken rana. Na kashe wutar gida, na kwance kusoshi biyu da sukundireba, na zaro ɗan akwatin batirin. Tsohon batirin na nan fes. A ƙarƙashinsa akwai wata siririyar leda ja, irin wadda kamfani ke sawa don kada batir ya ƙare a shago, wadda ake zarewa ranar da aka fara amfani. Ba a taɓa zare ta ba. Marigayi sarkin gaggawa, ya ɗaura abu ya rufe, bai duba ba.

Na tsaya da ledar a hannu ina lissafi. In batirin bai taɓa aiki ba, to tun ɗauke wutar farko abin nan ya manta komai. A unguwar nan kuwa wace rana ce ba a ɗauke wuta? Ke nan bai yi aiki ba sai kwana ɗaya ko biyu a duk rayuwarsa. Sai kuma na tuna, ko rana ta yi tsawo ko ta gajarta, ko hadari ya rufe gari da wuri, ban taɓa dawowa na tarar da duhu ba. Wane agogo ne ya san hadari?

Na duba maɓallan da kyau. Ƙananan sababbi fil, rubutunsu raɗau. Babban na ƙasa kuwa ya goge har ya yi santsi, fentinsa ya tafi. Na kai hanci. Man zafin da Inna take shafa wa gwiwa.

Shekara uku. Da wannan gwiwar da sai ta dafa bango take miƙewa. Kuma ta sha jin ina yabon makunnin a gaban baƙi, ina cewa Allah ya jiƙan mai gidan, ya bar mini abin da ba ya mantuwa. Tana jina, ba ta ce uffan ba. Ko don kada ta rage wa ɗanta lada a idona ne, ko kunya ce, oho.

Na yi kuka sosai, a tsaye, da sukundireba a hannu. Na ji kewarta yadda ban ji ba ranar da motar ta tashi. Daga baya na zare ledar, na mayar da komai, na saita.

Alhamis, 15 ga Mayu

Yana aiki. An ɗauke wuta sau biyu, bai manta ba. Na hango hasken tun daga kwanar layi, kuma ban ji daɗin komai ba. Da can ashe in na hango shi, mutum nake hangowa ban sani ba.

Famfo ma na ɗaure shi, ƙofar banɗaki na sa mata mai. Babu sauran abin gyara.

Juma'a, 16 ga Mayu

Na kira wayar matar Auta na ce ta ba ni Inna. Sai da aka hau bene da wayar, ina jin yara na ihu, talabijin na ihu. Muka gaisa yadda muka saba. Na tambayi gwiwa, ta ce da sauƙi. Ta tambayi aiki, na ce lafiya.

Can ta ce, "'Yar nan, ƙofar fa? Kina ganin hanya in kin dawo?"

Ni da wautata sai na hau ba ta labarin batir da leda, na ce yanzu ta gyaru, tana kunna kanta.

Sannan ta ce, "To madalla. Kin huta."

Yadda ta faɗe shi ne. Sai na gane abin da na gaya mata ke nan, cewa ɗan aikin da take yi mini ma an samu mai yi. Gobe kuma mota za ta zo. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa roƙon matar nan komai ba, ko gishiri.

Na ce, "Inna, gidan ba daɗi. Ki dawo."

Na ji tana jan numfashi. Na ɗauka za ta ce sai abin da Auta ya ce. Sai ta ce, ƙasa-ƙasa yadda matar gidan ba za ta ji ba, "Benen nan nasu dama yana ba gwiwata wahala."

Da Auta sai da muka kai ruwa rana. Ya kawo maganar mutane, na ce mutanen su zo su hau da ita bene. Ya ce zai tambaye ta da kansa. Bai jima ba ya sake bugowa, murya a daƙile, ya ce motar tana nan zuwa gobe kamar yadda aka yi, sai dai ba kaya za ta ɗauka ba, mai kayan za ta kawo.

Na share ɗakin, na shanya katifa. Na ce wa Auta saboda gwiwarta ne, haka na ce wa Oga ma da ya ji ina neman a canza mini aikin gobe. Haka zan ci gaba da cewa.